Daga Lofe Zuwa Sigarin Lantarki: Wa Aka Yarje Wa Busa Hayaƙi?



Mu ɗauki mutum uku a gari ɗaya. Na farko dattijo ne mai gadi, ya kunna karan sigari a gefen teburin mai shayi. Kowa zai wuce abinsa, iyaka wani ya ce, "Baba, har yanzu ba a daina ba?" Na biyu saurayi ne ɗan shekara ashirin, ya zaro wani abu mai kama da alƙalami daga aljihu, ya zuƙa ya fesar da tururi mai ƙamshin mangwaro. Manya za su yi tsaki su ce yaran zamani sai addu'a. Ta uku budurwa ce, aka ga hotonta a waya tana riƙe da irin wannan abin a wajen bikin ƙawarta. Ita kam maganar ta tashi daga kan taba ta koma kan tarbiyyar gidansu, wataƙila ma har ta taɓa aurenta.

Sinadarin da ke shiga jinin su ukun ɗaya ne, wato nikotin. In ma ta cutarwa ake, dattijon nan ya fi su shiga haɗari. Amma hukuncin da muka yanke musu ya sha bamban, kuma shekarunsu da jinsinsu ne suka bambanta shi. Wannan ɗabi'a ba da mu ta fara ba, ba kuma da sigarin lantarki ta fara ba. Ta kai shekara ɗari huɗu tana biye da taba duk inda ta shiga.

Taba tsiron nahiyar Amurka ce. Jiragen ruwan Turawa ne suka fito da ita bayan 1492, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta iso Afirka ta Yamma. Duk ƙasar da ta sauka sai an yi gardama a kanta. Sarkin Ingila James na Ɗaya ya rubuta ɗan littafi na sukarta a 1604. Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya haramta ta a 1633, har da hukuncin kisa ga wanda aka kama. A namu yankin, malamin nan na Timbuktu, Ahmad Baba, yana cikin waɗanda suka ga halaccinta, wasu malaman zamaninsa suka ƙi. Daga baya ɗariƙar Tijjaniyya ta yi hani mai tsanani ga mabiyanta a kanta.

Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne bayanin Hugh Clapperton, Baturen da ya shigo Kano a farkon 1824. Ya rubuta cewa ya tarar maza na shan taba a ko'ina, amma an hana mata. Sai dai ya ga matan ƙasar Hausa suna cin garin taba da aka haɗa da kanwa kamar yadda maza ke yi, abin da ya ce ba a yarje wa matan Barno ba. Ya kuma ga maza da mata suna rina haƙora da leɓe da furen taba. Wannan na ƙarshe ba sai Bature ya ba mu labari ba. Da yawanmu mun taso mun ga kakanninmu mata da fure da goro, haƙora jawur, kuma ado ne a wancan lokacin, har amare ake yi wa.

Ashe ke nan ba tsiron aka hana mace ba. An bar mata furensa, an bar mata garinsa, hayaƙin ne kaɗai aka ce na maza ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: gari da fure a baki suke tsayawa, a cikin gida, hayaƙi kuwa yana fita a gani, kuma a zaure da kasuwa da dandali ake busa shi, wuraren da al'ada ta ware wa maza. Ko a cikin mazan ma akwai mataki. Lofe na magidanta ne da tsofaffi, yaro ba ya kunna ta a gaban na gaba da shi. Har gobe saurayi mai kunya in ya hango ubansa ko yayansa sai ya taka karan sigarin da ƙafa.

Kada mu ɗauka mu kaɗai muka yi wannan rabo. A watan Janairun 1908 majalisar birnin New York ta kafa dokar hana mata shan sigari a wuraren taruwar jama'a. Washegari ɗan sanda ya kama wata mata mai suna Katie Mulcahey don ta kunna sigari a titi, ta kwana a tsare saboda ta ƙi biyan tara. Magajin garin ya soke dokar bayan mako biyu, amma ra'ayin da ya haife ta bai mutu ba. A idon Amurkawan wancan zamani, macen da ke shan sigari a fili ko 'yar wasan kwaikwayo ce ko mai zaman kanta.

Kasuwa ce ta karya wannan ra'ayi. Tun farkon shekarun 1880 wani mai suna James Bonsack ya ƙera injin da ke naɗe kara 120,000 a yini, aikin da a da sai an tara ma'aikata da yawa su yi da hannu. Kaya sun yi yawa, masu saye sun yi kaɗan, ga rabin al'umma an ce ba su da rabo a ciki. Shugaban kamfanin American Tobacco, George Washington Hill, sai ya ɗauko Edward Bernays, gwanin sarrafa ra'ayin jama'a. Ranar Ista ta 1929 Bernays ya shirya wasu 'yan mata suka shiga jerin gwano a titin Fifth Avenue na New York suna kunna Lucky Strike a gaban masu ɗaukar hoto, aka raɗa wa 'yan jarida cewa waɗannan fitilun 'yancin mata ne. Jaridu suka ɗauka suka yaɗa, ba tare da sanin cewa talla suke yi wa kamfani kyauta ba. A daidai wannan lokaci tallar Lucky Strike tana gaya wa mata cewa sigari na hana ƙiba.

Jinsin sigari ma kansa kamfani ke sauya shi in ya ga dama. Marlboro da muka sani da hoton ƙaton makiyayi a kan doki, a shekarun 1920 sigarin mata ce. Sai a tsakiyar shekarun 1950 aka mayar da ita ta maza, don a lokacin maza na ganin sigari mai matata a gindi kayan mata ce, kamfanin kuma yana so su saya. A 1968 aka fito da Virginia Slims, siririya, musamman don mata masu fafutukar 'yanci.

Sakamakon ya zo a hankali. A 1965 kusan kashi 52 cikin ɗari na mazan Amurka suna shan sigari, mata kuma kusan kashi 34. Zuwa 1987 sankarar huhu ta zarce sankarar mama wajen kashe matan Amurka. An cire musu abin kunyar, amma ba wanda ya cire gubar.

Ita wannan guba likitoci sun daɗe da gano ta. Richard Doll da Austin Bradford Hill sun buga bincikensu a Ingila a 1950, wanda ya danganta sigari da sankarar huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya rufe bakin masu musu. Abin da aka fahimta shi ne nikotin ke ɗaure mutum ya kasa dainawa, amma ƙonewar ganyen ce ke yin mafi yawan kisan, domin hayaƙin na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo sankara. Daga nan tambaya ta taso: za a iya ba mashayi nikotin ɗinsa ba tare da wuta ba?

Wani Ba'amurke, Herbert Gilbert, ya nemi rajistar irin wannan na'ura a 1963, amma ba ta shiga kasuwa ba. Wanda ya yi nasara shi ne Hon Lik, masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin. Shi kansa mashayi ne na gaske, mahaifinsa kuma sankarar huhu ce ta yi ajalinsa. Ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 2003, aka fara sayarwa a Sin a 2004, bayan shekara biyu zuwa uku ta isa Turai da Amurka. Irin waɗanda ake sayarwa yau aikinsu ba wuya: batir ne ke zafafa wata 'yar waya, ita kuma ta mayar da wani ruwa tururi. Ruwan haɗin gilisirin ne da wani sinadari makamancinsa, da ɗanɗano, da nikotin.

Mu lura da wanda aka yi wa wannan na'ura tun asali: magidanci mai shekara arba'in ko hamsin da ya gaji da tari. Na farkon ma siffar sigari aka yi musu, har da ɗan jan haske a baki, don kada tsohon mashayi ya ji baƙunta. Shekarun farko samari ba su damu da ita ba, kallon kayan masu neman lafiya suke yi mata. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa cutarwarta ba ta kai ta sigari ba da kusan kashi 95 cikin ɗari. An yi ta jayayya a kan wannan adadi, amma ya zama ginshiƙin manufar ƙasar, har asibitoci na ba masu son daina sigari shawarar su gwada ta.

A wannan shekara ta 2015 ne kuma labarin ya juya a Amurka. Wasu tsofaffin ɗaliban jami'ar Stanford biyu, Adam Bowen da James Monsees, suka fito da Juul. Ba ta kama da sigari ko kaɗan, ta fi kama da ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta don adana bayanai. An sarrafa nikotin ɗinta yadda ba ya kartar maƙogwaro, don haka wanda bai taɓa shan komai ba ma yana iya zuƙa ba tare da ya ƙware ba, alhali ɗan kwanson ruwa guda na ɗauke da nikotin kwatankwacin kwalin sigari mai kara ashirin. Aka sa mata ɗanɗanon mangwaro da na'ana'a, aka cika Instagram da hotunan matasa masu kyau suna riƙe da ita.

Ƙididdigar gwamnatin Amurka ta nuna abin da ya biyo baya. A 2017 kashi 11.7 na ɗaliban babbar sakandare ke shan sigarin lantarki. A 2018 suka kai 20.8, a 2019 kuma 27.5, wato sama da ɗaya cikin kowane huɗu. Malamai sun daɗe ba su gane ba, domin yaro na iya soka ta a kwamfuta a cikin aji a ɗauka karatu yake. Mu kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A wannan karon abin yana kan tebur a gaban babba amma bai san mene ne ba. A watan Disambar 2018 babban likitan gwamnati Jerome Adams ya ayyana lamarin a matsayin annoba tsakanin matasa. A cikin wannan watan ne kamfanin Altria, mai Marlboro a Amurka, ya sayi kashi 35 na Juul a kan dala biliyan 12.8.

Ra'ayin jama'a ma a kan shekaru ya rabu. A binciken da cibiyar Gallup ta yi a 2018, kashi 82 na Amurkawa sun ce sigari na da matuƙar illa, amma kashi 38 ne kawai suka faɗi haka game da na lantarki. A tsakanin 'yan shekara 18 zuwa 29 kuwa, kashi 22 ne kacal suka ga yana da matuƙar illa, kuma su ne suka fi kowa sha.

Sai 2019 ta zo da wata cutar huhu da ta kwantar da mutum sama da 2,800 a asibitocin Amurka, 68 suka mutu. Bincike ya gano cewa babban musabbabin shi ne wani maiƙo dangin bitamin E da 'yan kasuwar bayan fage ke haɗawa da ruwan wiwi. Amma labarin da ya zaga duniya shi ne sigarin lantarki na kisa nan take. Indiya ta haramta shi baki ɗaya a watan Satumbar 2019. Amurka ta ɗaga shekarun sayen duk wani nau'in taba zuwa 21 a Disambar wannan shekarar. Ostareliya ta mayar da shi abin da sai a kantin magani ake samu. Birtaniya, duk da goyon bayan da take ba shi, ta hana sayar da irin wanda ake sha a yar daga 1 ga Yunin 2025, saboda yara da kuma shara.

A nan aka samu wani abu mai kama da almara. Tsoron ya fi kama manya, waɗanda aka ƙera na'urar dominsu. Binciken ƙungiyar ASH ta Birtaniya ya nuna cewa zuwa 2024 kusan rabin masu shan sigari sun yi imani na lantarki ya kai sigari illa ko ya fi ta, don haka da yawansu suka ci gaba da abin da ya fi kashe su. Matasan da ba su taɓa shan sigari ba, waɗanda ba su da wata riba a ciki sai ɗaurin nikotin ga ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba sai wajen shekara 25, su ne suka fi sakin jiki da shi. Dokoki dai sun yi tasiri: a 2024 adadin ɗaliban babbar sakandare masu sha a Amurka ya sauko zuwa kashi 7.8.

Ta ɓangaren jinsi ma an ga abin da ba a saba gani ba. Da farko maza ne suka fi yawa, masu manyan na'urori da gasar wanda ya fi fitar da tururi. Da ƙananan nan masu launi da ɗanɗanon alewa suka fito, sai 'yan mata suka cim musu. Binciken makarantun Ingila na 2021 ya nuna kashi 21 na 'yan mata masu shekara 15 suna sha, alhali a 2018 kashi 10 ne, kuma sun zarce takwarorinsu maza. A Amurka ma 'yan mata sun ɗara samari a ƙididdigar shekarun baya-bayan nan. Abubuwan da suka daɗe suna raba mace da sigari su ne wari a tufafi da gashi, baƙin leɓe, da toka da guntayen da ke tona asiri. Sabuwar na'urar ta kawar da su duka.

Mu dawo gida. Sigarin kwali ya zauna mana ne a zamanin Turawa, har aka kafa masana'antarsa a Zariya, manoman yankin suka shiga noman taba. Ya shigo ya tarar da tsohon rabon da Clapperton ya gani, ya bi shi sau da ƙafa. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna kashi 10 na maza baligai suna amfani da taba, mata kuwa kashi 1.1, kuma akasarin waɗannan matan ba hayaƙi suke sha ba, ta ci ce ko ta shaƙa. Ko a finafinanmu da labaranmu, in ana so a nuna mace ta lalace ba a buƙatar dogon bayani, kara ɗaya a yatsunta ya wadatar. Namiji kuwa sai an haɗa masa da kwalba ko wuƙa kafin mai kallo ya yarda mugu ne.

Shisha ce ta fara huda wannan katanga. Ta zo da ƙamshin tuffa da inibi, da sunan cewa ba taba ba ce, kayan ƙasashen Larabawa ne, kuma a ɗaki ake sha cikin ƙawaye. Ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya yi shelar hana ta a 2018, amma ba ta ɓace ba. Tukunyar shisha dai babba ce, tana son gawayi da wuri da lokaci. Sigarin lantarki kuwa yana shiga jakar hannu tare da man leɓe, kuma uwa na iya tsintarsa a ɗakin 'yarta ta mayar inda ta gan shi, tana zaton turare ne ko cajar waya. Dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tebur ya san inda wannan doka ta tsaya. Balle abin da ake oda ta waya a kawo har ƙofar gida.

Kunyar da muka ɗora wa mata a kan hayaƙi ta yi musu wani amfani, domin ta kare huhun miliyoyinsu, ko da ba don lafiyar aka yi ta ba. Amma tana da tsada ta fuska biyu. Na farko, yarinyar da nikotin ya riga ya kama ba ta da wanda za ta gaya wa. Saurayi na iya cewa yana ƙoƙarin dainawa a yi masa fatan alheri, ita kuwa in ta furta ta tona wa kanta asiri, don haka sai ta yi shiru abin ya ci gaba. Ko mai bincike ya zo da takardar tambayoyi, da wuya ta faɗa masa gaskiya, ke nan adadin ma da ake ba mu na iya kasawa. Na biyu, tarihin 1929 ya nuna cewa duk abin da aka hana wani rukuni don jinsinsa ko shekarunsa kawai, mai talla na iya juya hanin ya zama abin sha'awa. Yarinyar da aka ce mata kada ta sha don ita mace ce, ranar da wani ya gamsar da ita cewa wannan tsohon yayi ne, ba sauran abin da zai riƙe ta. Wadda aka yi wa bayanin yadda nikotin ke ɗaure ƙwaƙwalwa tana da dalilin da zai bi ta duk inda ta je, kuma dalilin nan ɗaya ne da na ɗan'uwanta namiji.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Mun hango na budurwar hoto da na saurayin mai alƙalami, mun taka na Baba mai gadi, alhali sigarin da ke hannunsa ne kan gaba a cikin mutum sama da miliyan 7 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashewa duk shekara. Shi ma yana buƙatar wanda zai zauna da shi ya yi masa maganar dainawa da gaske, ba tambayar raha a bakin tebur ba. Su kuma iyaye da yayye, abu na farko shi ne su san kamannin na'urar, su san abin da ke cikinta, sannan in sun same ta su yi wa ɗa da 'ya magana iri ɗaya.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba masu fama ikon dainawa. Sai wani makon in muna da rabon kaiwa.